Ranar da Gwiwata ta Bugi Kan Keke

A gidanmu na Kara-Kara Baba yana da ƙa'ida: duk wanda gwiwarsa ta fara bugun kan keke, sai a ba ƙaninsa keken, shi kuma a sayo masa babba. Haka aka yi wa yayyena maza biyu.

Ranar da tawa ta buga, ina dawowa daga lakwal, wato makarantar boko, na hau jan kekena, na yi ta zagaya tsakar gida don ya gani. Ya kuwa gani. Ya sauke sirdin ƙasa, ya shafa wa sarƙar baƙin mai, ya miƙa wa ƙanena.

Na ce, "Baba, yaushe za mu sayo nawa?"

Yana goge hannu da tsumma, ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ke ai kin girma."

Su Yaya da suka girma an ba su keke, ni kuwa aka bar ni da ƙafa. Har yau warin baƙin mai yana ɓata mini rai. 'Yata tana kan kekenta na uku, kuma ni da kaina nake duba gwiwarta.