Beben Gidan Gwaggo

Jafaru yakan wanke hannu sau biyu kafin ya buɗe akwatin. A ciki akwai mujallun zane na Ingila sama da ɗari uku, na jarumai masu tashi sama da mayafi a baya, da na dabbobi masu magana irin na majigi. A gefe kuma ga 'yan mutum-mutumin roba guda tara, sojoji da matuƙan jirgi, kowanne ana lanƙwasa masa hannu da ƙafa.

Gwaggonsa ce ta shigo da akwatin gidansu na Sheshe, a makon da aka yi rikicin Sabon Gari, shekarar sittin da shida. Ta ce takardun ƙunshe ƙosai ta samu da araha. Jafaru, akawu a ofishin En'e, mai alƙalami uku a aljihu, ya kusa shiɗewa da jin haka. Ya ja akwatin zuwa ɗakinsa yana tsaki. Gwaggo ba ta hana shi ba.

Tun daga ranar ya zama masani. Ya yanke hukunci da kansa cewa kayan na wani Bature ne da ya koma ƙasarsu. Duk Lahadi da hantsi yakan shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera sojojin robar, ya yi wa abokan aikinsa bayani da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji. Da yaƙin basasa ya ɓarke, irin waɗannan kaya suka daina shigowa kantunan Turawa, sai hancinsa ya ƙara tashi. Tsofaffin unguwa suna cewa ƙato da gemu yana wasa da gumaka. Shi kuwa yana kiransu mutanen duhu.

Amma ba wanda ya raina kamar Ɗanladi.

Ɗanladi bebe ne, shi ma a makon rikicin ya zo gidan. Gwaggo ta ce ɗan dangin marigayi mijinta ne daga ruga, ba shi da kowa. Ya zauna a ɗakin da ke kusa da turken awaki, kullum da rawani naɗe har haɓa. Ba ya zuwa kasuwa, ba ya leƙa ƙofar gida. Tatsar akuya ma sai da Gwaggo ta koya masa, igiyar guga kuwa ta sa tafin hannunsa ya yi bororo wata guda.

"Wannan wane irin makiyayi ne?" in ji Jafaru. "Ko a cikin jahilai ma shi ne kurar baya."

Shekara uku suna gida ɗaya, bai taɓa tsayawa ya kalli fuskarsa sosai ba. Idan zai aike shi, da ƙafa yake nuna masa abu. Idan Jafaru ya kunna rediyo don labarin bakin daga, beben yakan zo ya tsuguna a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, har Jafaru ya riƙa yi wa baƙi ba'a da shi: ga kurma yana sauraron labarai.

Wata Laraba ya taso daga ofis da wuri, ya tarar da ƙofarsa a buɗe. Ɗanladi na zaune a ƙasa da mujalla a cinya, kafaɗunsa na girgiza don dariya, ba sauti. Sauran mujallun, waɗanda Jafaru ya bari a hargitse da safe, suna jere tsaf.

Jafaru ya ɗauke shi da mari. Ya damƙi wuyan rigarsa, ya ja shi har tsakar gida.

"Da hannun kashin awaki? Yau sai shingen sojoji na Ƙofar Ruwa! In ba ya magana, su za su sa shi ya yi."

Gwaggo ta yar da ludayi, ta riga shi zaure, ta baje hannuwa a bakin ƙofa.

"Jafaru, ka sake shi. In ya taka waje, ni da kai har abada."

"A kan wannan dabbar, Gwaggo?"

"Na ce ka sake shi."

Ya sake shi, ya goge hannu a jikin bango. Washegari ya sayo kwaɗo mai nauyi ya garƙame akwatin, ya rataye makullin a wuya. Ɗanladi bai ƙara kusantar ɗakin ba, sai dai lokacin labarai.

A watan Janairu na shekarar saba'in rediyo ta ce yaƙi ya ƙare. Aka yi ta guɗa a lunguna. Bayan mako biyu, da safe, Gwaggo ta ce Jafaru ya fito da akwatin zaure, ya kawo makulli. Amalanke na jira a waje.

Jafaru ya tabbata masu ƙosai za ta kai wa. Ya tsaya a kan akwatin yana kumfar baki, yana cewa a duk cikin ganuwar Kano ba mahaluƙin da ya san darajar kayan nan in ba shi ba. Gwaggo ta bar shi har ya gaji. Sannan Ɗanladi ya matso, ya warware rawaninsa a hankali, ya miƙa hannu.

"Na gode da ajiya, Malam Jafaru," in ji beben, da Hausar mutanen Sabon Gari. "Sunana Obiora, akawun reluwe, tare muka yi aiki da marigayi mijin Gwaggo. Gwaggo ce ta ce in aka ga takardun Turanci a ɗakina, kashe ni za a yi, amma a ɗakinka ba wanda zai yi mamaki, don duk unguwa an san ka da wauta."