Gwangwanin Mai Injin Niƙa

Tun da ka ce matsalar ƙarama ce, kuma har ka yi mata dabara, bari in ba ka misalin wani mai injin niƙa.

Mutumin nan yana da wani tsohon inji mai shan man gas, irin na da ɗin nan da ake tayarwa da hannu, gadon mahaifinsa. Shi kaɗai ne injin niƙa a ƙauyen, kuma da shi yake ci da iyalinsa. Ba malalaci ba ne, ba kuma mugu ba. Abinsa ɗaya ne, ba ya iya ganin abu yana zuba a ƙasa, ko tsabar dawa ce ta faɗi sai ya sunkuya ya tsince. Wata rana ya lura mai yana tsattsafowa, ɗis, ɗis, a bakin wani noti, inda bututun mai ya haɗu da famfon da ke tura man cikin injin. Bakaniken da kan zagayo ranar kasuwa ya duba, ya ce ɗan zoben jan ƙarfen da ke ƙarƙashin notin ne ya cinye, a tsayar da inji a kwance wurin a sake shi. Mai inji ya dubi ƙorai da kwanukan da ke jere suna jiran niƙa, ya ga tsayar da aiki asara ce. Sai ya samo gwangwanin tumatir ya tara a ƙarƙashin notin. Da yamma in ya tashi aiki, ya ɗauki abin da ya taru ya juye cikin tanki. Dabarar nan ta yi masa daɗi ƙwarai, har yakan nuna wa abokan hira, yana cewa shi a wurinsa ko ɗigo ba ya ɓata.

Abin da bai kula ba, ɗakin niƙa ba ya rabuwa da ƙurar gari. Saurayi ma in ya wuni a ciki da farin gemu yake fita, balle buɗaɗɗen gwangwani. Kullum gari da dusa suna sauka a kan man, kullum shi da hannunsa yana mayar da su cikin tanki. Matatar mai ta yi iya ƙoƙarinta har ta toshe, inji ya fara shaƙewa yana tari. Ya cire ta ya wanke, ta sake toshewa. Da ya gaji sai ya yanke hukuncin cewa matatar ce ba ta da kyau, ya ajiye ta a taga, ya haɗa bututun kai tsaye. Inji ya tashi da ƙarfinsa, shi kuwa ya ƙara yarda da kansa. Ba a daɗe ba hayaƙi ya koma baƙi ƙirin. Mata suka fara ƙorafin tuwonsu yana warin gas. Wata tsohuwa ta daina shiga ɗakin, sai dai ta miƙo ƙwaryarta daga waje tana toshe hanci da gefen mayafi. Maimakon ya tambayi abin da ya baƙanta hayaƙin, sai ya samo dogon bututu ya ƙara wa salansa, wato mafitar hayaƙin, ya fitar da ita ta saman rufi. Hayaƙi ya bar ɗaki ya koma kan shanyar maƙwabta, shi a ganinsa an gama magana.

Abin ya zo masa ne ranar farko ta azumi. Mata sun jiƙa gero don kunun buɗa-baki, bokitai jere har bakin hanya, jiƙaƙƙen gero kuwa ba ya jiran gobe. Ya kama hannun inji ya yi ta juyawa har rigarsa ta jiƙe. Inji ya yi tari, ya tofo baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Matan suka ɗauki bokitansu ɗaya bayan ɗaya, suka koma ga turmi da dutsen niƙa da bakin azumi. Ba wadda ta zage shi, kuma da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Da bakanike ya zo ya kwance famfon, sai ga cikinsa a cushe da wani abu kamar talgen tuwo, ƙarafunan duk sun ci juna. Ya goge hannu ya ce, “Malam, irin wannan famfon an daina yinsa. Injin tsoho dai ya kwanta ke nan.”

Bayan tafiyar bakanike, mutumin ya sunkuya kamar yadda ya saba, ya ɗauko gwangwanin. Mai ya taru har rabi, gari na yawo a samansa. Har ya kai hannu kan murfin tanki, sannan ya tuna babu injin da zai sha. Ya daɗe a tsaye da gwangwanin a hannu, hawaye na zubo masa.

To ka ji. Ka je ka toshe ɗigon tun daga inda yake fitowa, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira aka rasa ido.