Hantar Ladidi

Hasiya ta ɗauki taɓarya ta tsaya a bakin ɗakin da aka kwantar da gawar 'yarta Ladidi. Ta riga ta rantse ba mai shiga da wuƙa sai ya bi ta kanta.

A shekarar nan zazzaɓin shawara ya sauka Dogon Dutsi bayan damina. Likitan Faransa da aka turo ya ce sauro ke kawo shi, ya sa aka farfasa randuna, aka cike kududdufai. Wannan mutane sun haɗiye. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne dokar kumandan, Baturen da ke mulkin garin: duk wanda zazzaɓi ya kashe, ba a binne shi sai an yanki ɗan tsokar hantarsa, an sa a kwalba, an aika Dakar a duba.

Likitan bai taɓa yin yankan da hannunsa ba. Shi dai yana zaune a baranda yana rubuta wa matarsa wasiƙu can ƙasarsu. Jibo tafinta, wanda cikinsa ba ya riƙe magana, ya baza a kasuwa cewa ba wasiƙar da likita ba ya yabon mai yi masa aikin. Wai ya samu mutum guda da ba ya tsoron matattu, balle masu rai.

Wannan gwarzon kuwa Tukur ne, ɗan wan Hasiya, maraya da ta goya a bayanta.

Aikinsa tsari ɗaya ne. Zai zo da akwatin ƙarfe, ya kori kowa, ya saki labule. In ya fito, ya riga ya ɗaure likkafani da kansa, ga ɗigon jini a gefen dama. Zai bi gawa har maƙabarta, ya tsaya ƙyam sai an gama tura ƙasa, kada wani ya buɗe.

Da iyakarsa ke nan, da an ce aikin Nasara ne, an bar shi da Allah. Amma duk ranar da aka yi rashi, sai ƙamshin gashi ya tashi daga gidansa. Ana kuka a unguwa, shi yana cin awakin da ubansa ya bar masa ɗaya bayan ɗaya. Har maƙwabta yake aika wa, su kuma su mayar masa da akushinsa a rufe. An daina amsa sallamarsa, kuma ba wanda ya ga laifin kowa.

Da hantsi ya iso gidan Hasiya, gardi biyu, 'yan sandan Nasara, na biye da shi.

"Gwaggo, ki ba ni hanya."

"Ni ba gwaggonka ta ba," in ji ta. "Ni ɗiyar garin Lugu ta. Iyayena ba su duƙa ma Nasara ba sa'ad da yaz zo da bindiga, balle ɗan koren nai da kwalba. Yadda Allah ya ba ni ɗiyata, haka nika maida mishi ita."

Tukur bai ɗaga kai ba. "In ban shiga ba, likita shina zuwa da kainai."

"Shi zo!"

Ta kai masa taɓarya a kafaɗa, har akwatin ya kusa suɓucewa. Ya rungume shi da hannu biyu, kamar ransa ne a ciki. Gardawa suka riƙe ta, mata suka sa ihu, labule ya sauka.

Da ya fito, ga jini a likkafani. Hasiya ta dube shi, ta tsine masa a gaban jama'a, ta ce ranar da ita ta mutu, ko gawarta kada ya raka. Ya bi Ladidi har kabari kamar yadda ya saba, ranar ma kuma ƙamshi ya tashi daga gidansa.

Kwalbar ta bi motar wasiƙu zuwa Yamai, daga can Dakar, tare da wata sabuwar wasiƙar yabo. Hasiya kuwa ba ta ƙara samun kwanciyar rai ba. Rashin Ladidi ta iya ɗauka, mutuwa rigar kowa ce. Abin da ke cin ta shi ne 'yarta na kwance a ƙasa ba cikakkiya ba, kuma hannun da ta koya wa cin tuwo ne ya yi.

Sai da rani ya yi nisa amsar Dakar ta iso. Aka ji likita yana ta zage-zage a baranda. Kafin azahar gardawa sun fito da Tukur, igiya a ƙugu, za su kai shi gidan kaso. Gari ya fito kallo. Ya rame, turken gidansa ba ko akuya ɗaya, amma kansa a ɗage yake, abin da ba a taɓa gani ba.

Hasiya ta kutsa gaba, ta rangaɗa guɗa, ta tofa yawu a gabansa. Ya dube ta, ya wuce.

"Alhaki ya kama shi!" in ji ta. Ta juya ga Jibo tafinta. "Kai, hwaɗi. Mi yay yi ma ubangidan nai?"

Jibo ya matso kusa da ita, ya ce:

"Inna, likitocin Dakar sun duba kwalaben duka, tun daga ta hwarko har ta Ladidi. Sun ce babu hantar mutum ko guda ciki. Duk ta akuya ta."