Dogon Shokazoba da Gajeren Tiyo

Kai da ka dawo gida ƙafarka na ƙaiƙayi, zauna ka ji wannan misali tun kafin ka taɓa kayan kowa.

Wani saurayi ya yi shekara bakwai yana tuƙi a hanyoyin hamada, ya dawo ƙauyensu da jaka ɗaya da labari buhu goma. Yayansa na da tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu. In damina ta sauka, ita kaɗai ke iya ratsa kwarin da ke tsakanin ƙauyen da kwalta. Saurayin nan ya kasa zama. Kullum yana zagaya motar, yana cewa can inda ya fito ko akuya ba a ɗauka a irin wannan gurguwa. Duk dukiyar da ya zo da ita shokazoba ne guda huɗu, dogaye, masu barin taya ta nutsa can cikin rami ta dawo, cikin mota bai daki ƙasa ba. Ranar da yayan ya tafi ta'aziyya, sai ya ɗaga motar a jak, ya kwance gajerun, ya ɗaura nasa. Tsohon bakaniken ƙauyen ya zo wucewa, ya durƙusa zai leƙa.

"Baba, bar shi," in ji saurayin, "wannan ba injin niƙa ba ne."

Tsoho ya kaɗe gwiwarsa ya wuce. Da an bar shi ya leƙa, da ya ga tiyon da ke kai man birki ga tayoyin baya. Tsawonsa daidai da gajeren shokazoba aka yi shi, ko ɗan yatsa bai ƙaru ba.

Kashegari aka aiki motar zuwa gari ta ɗauko takin zamani na manoman ƙauyen, buhu ashirin, don an gama noman fari, gero na jira. Saurayin ya ce shi zai tuƙa. Yayan ya dubi motarsa da ta yi tsayi, ya dubi ƙanensa, ya miƙa masa makulli. A hanyar dawowa, yana gangarawa cikin kwarin, tayar baya ta faɗa rami. Shokazoba ya miƙe yadda aka yi shi ya miƙe, tiyo ya kai iyakarsa ya tsinke. Saurayin ya taka birki, ƙafarsa ta nutse kamar ya taka ruɓaɓɓiyar kabewa. Mota ta sulale, ta kwanta da gefe cikin rafi, ruwa ya shiga lasar taki kamar sukari.

Manoma suka naɗe wanduna suka shiga, suna fitowa da buhuna sakayau, suna shanya su a kan sabara, ko da yake babu abin shanyawa. Babu wanda ya zagi saurayin. Da ma sun zage shi! Yayan ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Ƙanena, ba ka ji ciwo ba dai?"

Shekarar nan geron ƙauyen tsaye ya yi rawaya, zangarniya ba ta fi tafin hannu ba. Kuma daga cikinsa ake tuƙa tuwo a ajiye wa saurayin, a ce masa bismilla. Ba zan faɗi sunansa ba, amma na san nauyin kowace loma a maƙogwaronsa.

Hausawa sun gama magana: garin neman gira aka rasa ido.