Abin da Ke Cikin Riga

"Mi ka ɓoye cikin riga? Buɗe!" in ji jami'in shingen kan iyaka na Illela.

Ɗan kasuwar da ya tsayar ya ƙanƙame rigarsa. Matarsa na kwance tun haihuwa, kwalbar jarirai ta asibitin garinsu ba wuta, dole ya kai ɗiyarsa bakwaini asibitin Ƙonni, a tsallaken iyaka. Likitoci masu bincike kan irin waɗannan jarirai ne suka ɗaure masa ita a ƙirji, fata da fata, suka ce kada iska ta taɓa ta.

"Ɗiyata ta. Ba ni buɗewa."

"Wace ƙarya ce masu fasa-ƙwauri ba su yi mana ba?" Jami'in ya fizge wuyan rigar.

Sai ga ɗan hannu siriri kamar tsinke yana motsi.

Jami'in ya yi wuf ya mayar da rigar, ya ce:

"Rufe ta mana! So kake sanyi ya kama ta?"