Shaidar Murjani

"Matso da idonki, Inna," in ji 'yar, tana daidaita wa mahaifiyarta madubin ɗakin gwaji mai ƙara girman abu.

A ƙarƙashin gilashin akwai siririn yanki na ƙashin murjani da 'yar ta haƙo daga teku. Murjanin halitta ce mai rai da kan ƙara layi ɗaya kowace shekara, kuma duk abin da iska ta zubar a ruwa sai ta adana shi a jikinta.

"Kamar an barbaɗa kwalli," in ji tsohuwar.

"Tokar hayaƙin masana'anta ce. Layin nan da ya fi baƙi, shekarar da Baba ya fara tari ke nan."

Tsohuwar ta ɗago kai. Shekara ashirin da biyu ke nan da likitan kamfanin da ke da masana'antar ya rubuta cewa taba ce ta cinye huhun mijinta, mutumin da ko ashana ba ya ajiyewa a aljihu. Ta bi ofis-ofis tana rantsuwa, ba wanda ya saurare ta.

"To, shi dutsen za su yarda da shi?"

"Sun ma yarda. An gyara bututun hayaƙin, an kuma hana kowa taɓa murjanin."

"Takardar babanki fa? Za su goge ƙaryar?"

'Yar ta sunkuyar da kai. "Sun ce binciken na teku ne, bai shafi mutane ba."

Tsohuwar ta gyara mayafinta, ta yi istigfari a hankali, sannan ta ce:

"Da na sani, 'yar nan, da a teku na sa aka binne shi."