Shaidar Bango

Tun da teku ya fara cin Legas, doka ɗaya ce: ginin da bangonsa ya shaida mutanensa mazauna ne, shi ake karewa. Sauran a bar wa ruwa.

Wata ma'aikaciyar gwamnati ta manna na'urar sauraro, mai fito da maganganun da bango ya taɓa ji, a bangon shagon goron Malam Tanimu, inda zuriyarsu ta shekara tamanin tana haya. Muryar kakansa ta fito: "Baɗi za mu koma Arewa." Sai ta mahaifinsa, sai tasa. Halinmu ke nan mu 'yan Arewa, mu tsufa a wuri muna kiran kanmu matafiya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ashe baƙi ne ku."

"'Yata, faɗa ce kawai. Nan aka binne su duka."

"Kabari ba ya cikin doka, Baba."

Ya zauna kan huhun goro. Ko hanyar garinsu bai sani ba.